Daga Ijaza zuwa Digirin Digirgir: Tarihin Neman Gurbin Karatu Mai Zurfi a Ƙasar Hausa da Matsayin Ɗalibin Bena

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ɗalibin ilimin addini a ƙasar Hausa yake neman a karɓe shi a matakin ƙoli na karatu, tun daga zamanin da ake durƙusawa gaban malami a nemi izinin zama a zaurensa, har zuwa yau da ake cike takardun neman gurbin digiri na uku. An nuna cewa a kowane zamani tambaya guda ce take jiran ɗalibi a bakin ƙofa, wato wane ne zai yi masa shaida. Abin da ya sauya shi ne mai bayar da shaidar da kuma harshen da ake bayar da ita. An ɗauki garin Bena na masarautar Zuru a Jihar Kebbi a matsayin ma'auni, domin a ga yadda wannan sauyi ya shafi ɗaliban da suke nesa da manyan cibiyoyin ilimi.

1.0 Gabatarwa

Duk shekara, idan jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya suka buɗe ƙofar karatun gaba da digiri na farko, akan ga malaman makarantu da limamai da alƙalai suna ta haɗa takardu domin neman gurbin digirin digirgir a fannin Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci ko Shari'a. Wasu kuma hankalinsu yana kan Madina ko Alƙahira ko Hartum. Mafi yawansu suna ɗaukar wannan al'amari a matsayin hidimar ofis kawai: a biya kuɗi, a cike fom, a jira sunaye su fito. Alhali kuwa kowace takarda da ake nema a wurinsu tana da tarihi, kuma da yawa daga cikinsu sun maye gurbin wani abu ne da magabata suka sani da wani suna.

Neman izinin bin malami abu ne mai asali a Musulunci. A cikin Suratul Kahfi an ba da labarin yadda Annabi Musa (A.S.) ya yi doguwar tafiya domin ya riski wani bawan Allah da aka ba wani ilimi na musamman, ya nemi izinin binsa, aka gindaya masa sharaɗin haƙuri da barin tambaya har sai an yi masa bayani. Malamai sun ciro ladubban ɗalibi masu yawa daga wannan ƙissa. Haka nan Imamul Bukhari ya ambaci tafiyar wata guda da Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya yi saboda hadisi ɗaya, kuma Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekarar 463 bayan Hijira, ya ware littafi sukutum a kan tafiya neman hadisi. A kan wannan turba malaman ƙasar Hausa suka taso, kuma daga nan ya kamata a fara.

2.0 Zamanin zaure da ijaza

Kafin zuwan Turawa, ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya karanta ƙananan littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya wuce zuwa Risala, to idan yana son ya kai ga Muhtasar ko tafsiri ko manyan littattafan hadisi, sai ya nemi malamin da ya shahara da wannan littafi, ko da kuwa yana wata ƙasa. Babu fom, babu lokacin buɗewa ko rufewa. Amma akwai sharuɗɗa, kuma ba su da sauƙi. Malami zai tambayi baƙon ɗalibi daga ina yake, wa ya karantar da shi, a ina ya tsaya. Sau da yawa sai ya sa shi ya ja baƙi a gabansa, daga nan ya gane matsayinsa. Sunan malamin da ya turo shi shi ne takardar shaidarsa, jan baƙinsa kuma shi ne jarrabawarsa.

Rayuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ta isa misali. Ya lazimci Malam Usmanu Binduri kimanin shekara biyu, yana koyon karatu yana kuma kwaikwayon halinsa. Ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas, ya zauna da shi kusan shekara guda. Da Malam Jibrilu ya tashi tafiya aikin hajji, Shehu bai bi shi ba, saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Daga baya ya karanta Sahihul Bukhari a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji a ƙasar Zamfara, ya karɓi ijaza. Shehu ya tattara salsalar malamansa a cikin littafinsa Asanidul Faƙir. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta Ida'un Nusukh a shekarar 1812, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Wanda ya duba wannan ɗan littafi da idon yau zai ga ya yi aikin da takardar tarihin karatu take yi, sai dai a madadin sunayen makarantu da maki, sunayen mutane ne da littattafai.

Wannan salsala ba ta tsaya a iyakar ƙasar Hausa ba. Malam Jibrilu ya karɓi ijaza a Alƙahira daga hannun Murtala az-Zabidi, mai Tajul Arus, wanda ya rasu a 1791. Kafinsa, Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi da ilimin taurari, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A Azhar kuwa an daɗe da ware wa mutanen Barno ruwaƙinsu, wato sashen da ɗalibansu suke sauka. Ke nan ɗalibin wannan yanki ya san hanyar gabas tun da daɗewa, kuma abin da yake buɗe masa ƙofa a can shi ne abin da yake buɗe masa a gida, wato Larabcinsa da sunan malamansa.

Abin lura shi ne, a wannan tsari wanda ya karɓi ɗalibi shi ne wanda zai karantar da shi, kuma shi ne zai ba shi ijaza da sunansa. Idan ɗalibin ya fita ya yi ɓarna a fatawa, sunan malamin ne zai ɓaci. Saboda haka shaida tana da nauyi, domin mai bayar da ita yana da abin da zai yi hasara.

3.0 Yadda takarda ta shigo tsakanin malami da ɗalibi

Sauyi ya fara ne a wurare biyu da ke nesa da ƙasar Hausa. Na farko shi ne Azhar. A shekarar 1872, zamanin Shaihul Azhar Muhammad al-Abbasi al-Mahdi, aka kafa dokar jarrabawar Alimiyya. Daga lokacin, wanda yake son a yarda masa ya karantar a masallacin sai ya gabatar da buƙatarsa ga hukuma, a zaunar da shi gaban kwamitin malamai shida, a jarraba shi a fannoni goma sha ɗaya. Izinin da a da malami ɗaya yake bayarwa ya koma hannun cibiya. Dokokin da suka biyo baya, har zuwa ta 1961, sun mayar da Azhar jami'a mai tsangayoyi da matakan digiri, kuma kalmar Alimiyya ta zama daidai da daktora.

Wuri na biyu shi ne Turai. Digirin da ake samu ta hanyar rubuta sabon bincike a ƙarƙashin kulawar farfesa ya bunƙasa ne a jami'o'in Jamus a ƙarni na goma sha tara, musamman bayan kafa Jami'ar Balin a 1810. Ingila ba ta rungume shi ba sai a 1917, lokacin da Jami'ar Okasfod ta kafa shi. Masar ta riga ta a wannan: Jami'ar Masar da aka buɗe a 1908 ta ba Ɗaha Husaini digirinta na daktora na farko a 1914, a kan bincikensa game da Abul Ala al-Ma'arri.

Akwai bambanci na asali tsakanin ijaza da wannan sabon digiri. Ijaza shaida ce cewa ɗalibi ya karɓi abin da aka gada, ya kiyaye shi, ya cancanci ya isar da shi. Digirin digirgir kuwa shaida ce cewa ya ƙara wani abu da ba a rubuta ba kafinsa. Wannan ne ya sa mai neman gurbi a yau ake tambayarsa abin da ba a tambayi magabatansa a bakin zaure ba: me kake son ka bincika, kuma me ya sa kake ganin ba a yi shi ba? Daga nan takardar tsarin bincike, wadda masu karatun Larabci suke kira huɗɗa, ta samo asali.

4.0 Zamanin Turawa da ƙofar da aka tsare

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, zaurukan malamai sun ci gaba da aikinsu, amma aikin gwamnati ya koma hannun mai takardar makaranta. Gadar farko da aka gina tsakanin ɓangarorin biyu ita ce Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai da aka ɗauko daga Sudan, domin horar da alƙalai. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda aka fi sani da SAS. A nan ne ɗaliban zaure suka fara haɗuwa da aji da jadawali da jarrabawar rubutu da takardar shaida, kuma a nan aka fara haɗa musu Larabci da Turanci.

Sai dai wanda ya gama wannan makaranta yana son ya ci gaba, ba shi yake zaɓar inda zai je ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce take riƙe da kuɗin tallafi da fasfo, kuma ba ta son ɗaliban Arewa su je Masar, musamman bayan juyin mulkin 1952, saboda tsoron abin da za su kwaso na siyasa. Labarin Malam Abubakar Mahmud Gumi sananne ne: hankalinsa yana kan Azhar, amma a 1954 aka tura shi tare da wasu abokansa zuwa kwalejin horar da malamai ta Bakhtur Ruda a Sudan, wadda take ƙarƙashin idon Ingila. Wasu kuma aka karkatar da su zuwa Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A wannan zamani, shaidar da ta fi nauyi a fayil ɗin ɗalibi ita ce ta jami'in ilimi Bature, wanda yake duba biyayyar ɗalibi ga hukuma kamar yadda yake duba ƙoƙarinsa. Wannan ne karon farko da wanda ba malamin fannin ba ya zama mai yanke hukunci a kan wa zai zurfafa a ilimin addini da kuma inda zai zurfafa.

5.0 Rukunin farko na masu digirin digirgir

Samun 'yancin kai a 1960 ya buɗe hanyoyi. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a 1962, kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama reshenta mai kula da Larabci da Nazarin Musulunci. Jami'ar Ibadan ita ma ta buɗe sashen Larabci da Nazarin Musulunci a farkon shekarun 1960. Sabbin sassan suna buƙatar malamai 'yan ƙasa masu babban digiri, alhali babu isassun waɗanda za su duba kundayensu a gida. Dole aka fita waje, kuma rukunin farko ya rabu gida biyu.

Wasu sun nufi Alƙahira sun yi rubutu da Larabci. Dakta Ali Abubakar ya yi bincikensa a kan al'adun Larabci a Nijeriya daga 1750 zuwa 1960, aka buga shi a Bairut a 1972. Shehu Ahmad Sa'id Galadanci ya yi nasa a kan harshen Larabci da adabinsa a Nijeriya daga 1804 zuwa 1966, aka buga shi a Alƙahira a 1982. Waɗannan littattafai biyu har gobe su ne ɗalibin fannin yake fara buɗewa. Wasu kuma sun nufi yamma sun yi rubutu da Turanci. Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Kano, ya kammala bincikensa a kan Shaihu al-Magili a Jami'ar Landan a 1972. Muhammad Sani Zahraddin, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kammala nasa a kan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Jami'ar Makgil ta Kanada a 1976. Daga kudancin Kebbi ta yau, Mahdi Adamu, mutumin Ngaski a ƙasar Yawuri, ya sami nasa digirin a Jami'ar Bamingam ta Ingila a 1974, kuma bincikensa a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma ya fito a matsayin littafi a 1978.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne, batun da suka ɗauka suka kai bakin ƙofar jami'o'in waje daga gida suka ɗauko shi. Abin da ya ba su daraja a idon masu karɓarsu shi ne sun san rubuce-rubucen da ke cikin gafakokin malamai, kuma suna iya karanta su.

Akwai wani lamari na wannan zamani da ya cancanci a tsaya a kansa. Mare Las, Baturen Ingila, yana cikin mutanen farko da wata jami'ar Nijeriya ta ba digirin digirgir, a Ibadan a 1964, a kan tarihin Daular Sakkwato. Mai duba kundinsa a hukumance shi ne Farfesa Simit, wanda ya musulunta aka san shi da Abdullahi Simit. Amma karatun kansa a Sakkwato ya yi shi, a gaban Wazirin Sakkwato Junaidu (1906 zuwa 1997), da littattafan gidansa. Ɗalibin ya fita da digiri, malamin zauren kuwa ba shi da takardar da za ta ba shi damar neman gurbi a jami'ar da ta ba da digirin. Sai a 1971 Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama Waziri da digirin girmamawa, kuma a jawabinsa ya ja hankalin jami'a kada ta yanke kanta daga tushen ilimin al'ummar da take zaune a cikinta.

6.0 Ƙofofi sun yawaita

Daga tsakiyar shekarun 1970 al'amari ya sauya. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, Farfesa Galadanci ya zama shugabanta na farko, Farfesa Mahdi Adamu ya biyo bayansa, kuma a 1988 aka sa mata sunan Usmanu Danfodiyo. Kwalejin Kano ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta a 1977. Waɗanda suka dawo daga Alƙahira da Landan suka zama masu duba kundayen na bayansu, digirin digirgir ya zama abin da ake samu a gida.

A gabas kuma, Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961 ta buɗe sashen karatu mai zurfi a tsakiyar shekarun 1970, ta riƙa ɗaukar ɗaliban Nijeriya da cikakken tallafi. A Nijar, Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke shawarar kafawa a taron Lahor na 1974, ta fara karatu a 1986. A gida an sami jami'o'i masu zaman kansu da Musulmi suka kafa, kamar Al-Ƙalam ta Katsina da Al-Hikma ta Ilori, duka a 2005.

Kowace ƙofa da mabuɗinta. Jami'o'in Saudiyya suna neman tazkiya, wato wasiƙar shaida daga sanannen malami ko ƙungiyar addini da suka yarda da ita, suna kuma sa iyakar shekaru. Azhar tana neman mu'adala, wato a daidaita takardun ɗalibi da nata. Jami'o'in Nijeriya kuwa galibi suna neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci, da digiri na farko, da digiri na biyu mai maki mai kyau, da takardar sakamako da tsohuwar jami'a za ta aiko, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun masu shaida, da tsarin bincike. Wanda ya yi karatu a waje kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa. Bayan duk wannan akwai sharaɗin da ba kasafai ake rubuta shi a talla ba, amma shi ne yake yanke hukunci: sai an sami malami a sashen da ya san fannin kuma yake da sararin duba kundin.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana nuna cewa tsohon tsari bai mutu ba. Tazkiya jikanyar tambayar nan ce ta "wa ya turo ka", mai duba kundi kuma shi ne shaihin da ake lazimta. An dai lulluɓe su da takardu.

7.0 Ɗalibin Bena a bakin ƙofa

Bena gari ne a Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, cikin masarautar Zuru, kusa da iyakar Kebbi da Zamfara. Ƙasar Zuru ƙasa ce ta al'ummu da yawa, kamar Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari, tare da Hausawa fatake da malamai da suka zazzauna a garuruwa irin su Wasagu da Bena tun kafin zuwan Turawa, a kan hanyoyin kasuwanci da suka gangara kudu maso yamma zuwa Yawuri da Nufe. Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya suna zaune tare a yankin. A zamanin Turawa an haɗa Zuru da Lardin Neja, a 1976 ta koma Jihar Sakkwato, a 1991 kuma ta faɗa cikin sabuwar Jihar Kebbi. A dukkan waɗannan sauye-sauye, yankin ya kasance a gefe, nesa da hedikwata.

Jami'o'in da aka kafa a jihar sun rage nisa ta wasu fuskoki: ta Aliero a 2006, ta Tarayya da ke Birnin Kebbi a 2013, da ta Aikin Gona da ke Zuru a 2020. Amma ta Aliero ta kimiyya da fasaha ce, ta Zuru kuma ta noma ce. Wanda yake son ya zurfafa a hadisi ko fiƙihu ko adabin Larabci, tsofaffin sassan da suka tara manyan malamai da ɗakunan rubuce-rubucen hannu suna Sakkwato da Kano da Zariya. Tafiya ce ta sa'o'i masu yawa, a kan hanyoyin da matsalar 'yan bindiga ta shekarun nan ta ƙara wa wuya.

Ɗalibin da ya taso a irin wannan wuri yana cin karo da cikas iri uku, kuma kowanne yana da tushe a tarihin da aka bayyana. Na farko shi ne harshe. Wanda ya bi ta makarantar allo da zaure da sakandaren Larabci, ya rubuta jarrabawar hukumar NBAIS, wadda asalinta yake komawa zamanin Sardauna kuma ta daɗe a ƙarƙashin Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana iya zama gwani a Alfiyya da Muhtasar, amma rashin kiredit a Turanci ya tsayar da shi, ko da kuwa da Larabci zai rubuta kundinsa. Na biyu shi ne shaida. Ɗalibin birni ya taso yana ganin farfesoshi a masallacin unguwarsu, ɗalibin Bena kuwa malamin da ya fi kowa saninsa wataƙila ba shi da takarda mai tambari, kuma babu wanda ya san sunansa a majalisar sashe. Sai ya koma neman tazkiya a wurin wanda bai taɓa jin jan baƙinsa ba. Na uku shi ne guzuri. Asusun TETFund, wanda ya samo asali daga asusun harajin ilimi na 1993 aka kuma sake masa fasali a 2011, yana ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantun gwamnati ne. Malamin sakandare ko na Islamiyya ko limamin gari ba ya cikin wannan lissafi, daga albashinsa ko amfanin gonarsa zai biya kuɗin makaranta na aƙalla shekara uku. Mace kuwa, wadda take da abin koyi a Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), tana da ƙarin nauyin gida da batun muharrami a kan waɗannan duka.

Hasarar ba ta ɗalibin kaɗai ba ce. An yi rubutu mai yawa a kan Sakkwato da Gwandu da Kano, domin nan ne masu bincike suka fito ko suka zauna. Tambayoyi irin su yadda Musulunci ya shiga ƙasar Zuru, da salsalar malaman da suka karantar a garuruwanta, da littattafan da suke ajiye a gidajensu, da yadda fiƙihun aure da gado ya yi mu'amala da al'adun yankin kamar golmo, da yadda zaman tare da mabiya wasu addinai ya gudana, duka suna buƙatar mai bincike da ya haɗa Larabci da harshen gida da amincewar dattawa. Wanda ya fi cancanta da wannan aiki shi ne ɗan yankin. Idan aka tsayar da shi a bakin ƙofa, dattawan da suke riƙe da labarin za su ƙare, gara kuma ta ci takardun.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa shaida ta tashi daga hannun malamin zaure ta koma hannun kwamiti, ta ratsa ta hannun jami'in mulkin mallaka, sannan ta zauna a hannun jami'a da hukumomin tantancewa. An sami alheri a wannan sauyi: ƙa'ida ta zama ɗaya ga ɗan malami da ɗan talaka, kuma an tilasta wa ɗalibi ya kawo sabon abu. An kuma yi rashi, domin tazkiya ta zama takardar da ake sa wa hannu ba tare da sani ba, alhali shaida ce, kuma hukuncin shaidar zur a shari'a ba ɓoyayye ba ne.

Jami'ar Musulunci ita ta fi dacewa ta haɗa alherin tsarin biyu. Tana iya mayar da ganawa da ɗalibi da sa shi ya karanta nassi a gaban malamai wani ginshiƙi na tantancewa, kamar yadda ake yi a zaure. Tana iya karɓar shaidar malamin da ya karantar da ɗalibi da gaske, ko da ba shi da digiri, a matsayin ɗaya daga cikin wasiƙun shaida. Tana iya shirya wa gwanayen Larabci darasin cike giɓin Turanci maimakon a mayar da su gida, kuma ta nemi masu hali su kafa waƙafi domin ɗaliban yankunan da ba a yi bincike a kansu ba. Shi kuma mai neman gurbi, ya dace ya fara da abin da Malam Abdullahi na Gwandu ya yi: ya san malamansa da abin da ya karɓa daga kowanne, ya nemi wanda zai duba aikinsa tun kafin ya sayi fom, ya kuma ɗauko batun bincikensa daga ƙasar da ya fi kowa sani. Allah Shi ne Masani, kuma Shi ne Mai datarwa.